Yadda Za Ka Riƙe Tsohuwar Mota Ta Kai Kilomita Rabin Miliyan

Yawancin motocin da ke kai-komo a titunan Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri ba a hannunmu suka fara aiki ba. Wani ne ya saye su sababbi a Amurka ko Jamus ko Kanada, ya more su shekara goma ko fiye, sannan aka loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Ranar da ka ƙirga kuɗi ka karɓi makulli, 'yan'uwa suna ta yi maka "Allah ya tsare", motar ta riga ta ci kilomita 150,000 ko 200,000. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Injin Corolla ko Camry ko Accord da aka riƙe da kyau yana iya ninka wannan tafiya ba a buɗe cikinsa ba. Wani direban tasi ɗan ƙasar Girka, Gregorios Sachinidis, ya riƙe Mercedes 240D ƙirar 1976 har ta kai kilomita miliyan 4.6, yana gyara inji yana sauyawa, kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. Ba ma sai an je nesa ba: Peugeot 504 da masana'antar PAN ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta riƙa harhaɗawa, har yau akwai masu jigilar buhuna ranar kasuwar ƙauye.

Abin da ke gamawa da mota a ƙasarmu sananne ne: zafi, ƙura, jabun mai da gyaran a-dai-tashi. Babu ɗaya a cikinsu da bakanike zai tsare maka, domin shi sai ta kwanta yake ganinta. Kai ne kake jin ƙararta kowace safiya, kai ne kake ganin allurarta, kuma aljihunka ne zai ji jiki.

Makon farko

Kada ka gaskata lambar da ke gaban sitiyari. Idan daga Amurka motar ta fito, mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato 120,000 da kake gani ya haura kilomita 190,000. Ga shi kuma mayar da lambar baya ba wani aiki ba ne ga wanda ya yi niyya. Robar totur da ta siɗe, sitiyarin da ya yi santsi da kujerar direba da ta lotsa sun fi lambar faɗin gaskiya. Saboda haka ka ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba. A juye duk wani ruwa da ke jikinta, baƙin mai, man giya, man birki da ruwan lagireto, a sa sababbin filta da filogi. A hau da ita kan rami a leƙa ƙarƙashinta, don motocin Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yakan cinye musu ƙarfe. Inji ana sauya shi, ruɓaɓɓen shasi kuwa sai haƙuri.

Sannan ka sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta ka ajiye a aljihun gaban mota. Duk abin da aka taɓa ka rubuta: kwanan wata, lambar tafiya, abin da aka sauya, irin man da aka zuba. Ƙwaƙwalwa takan ce "ai kwanan nan aka yi juye", littafi ya nuna wata takwas ke nan.

Baƙin mai

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna, ya kwashe zafi, ya ɗauke dattin ƙuna ya kai wa filta. Da zarar ya gaji, duk ukun suna raguwa a tare. Za ka ji ana cewa a Turai sai an yi kilomita 10,000 ko 15,000 ake juye. Gaskiya ne, amma littafin kamfanin da ya faɗi haka yana da wani jadawali na daban don abin da ya kira mawuyacin yanayi: ƙura, tsananin zafi, gajerun tafiye-tafiye da tsayuwa cikin cunkoso inji na aiki. Wannan kuwa ita ce rayuwar motar Kano daga Litinin zuwa Lahadi. Ka tsaya a kan kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, kuma kowane juye da sabuwar filtarsa. Zuba sabon mai a kan tsohuwar filta rowa ce da ba ta da riba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kaurin mai. Lambobin da ke jikin galan, 5W-30, 10W-40, 20W-50, kaurin man suke nunawa, ta farko lokacin da inji ke sanyi, ta biyu bayan ya ɗau zafi. A gareji da yawa magana ɗaya ce: "Alhaji, ƙasarmu da zafi, sai mai kauri." Sai a ɗura 20W-50 a kowace mota. Ga 504 da sa'o'inta babu laifi, da irinsa aka saba. Amma Corolla ta 2003 zuwa sama da Camry mai VVT-i, matsin baƙin mai ne ke sarrafa lokacin buɗewar bawul ɗinsu, ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi masu matsatsi. Mai kauri yana jinkirin isa can, musamman a daƙiƙun farko bayan an tayar da inji, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Duba murfin da ake zuba man, sau da yawa an rubuta abin da injin yake so a kansa, galibi 5W-30 a waɗannan motoci. Idan injin ya manyanta har ya fara shan mai, a ƙara mataki ɗaya, a koma 10W-40, ba a yi tsalle zuwa ƙarshe ba.

Sai batun jabu. Man da ake aunawa daga duro a zuba a gora a bakin titi, ba ka san asalinsa ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. Araha ba ta ado. Sayi galan a rufe daga babban gidan mai ko dila sananne, a ɓalle hatiminsa a gabanka, ka tsaya har a gama zubawa. In an gama, ka sa a huda galan ɗin ko ka tafi da abinka, don da irin waɗannan galan masu kyau ake cika jabu a sayar wa na bayanka.

Kowane mako, da safe kafin a tayar da mota, a wuri mai daidai, zaro sandar awo ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamun nan biyu. Wuce ta sama ma illa ce. Idan kuwa jar fitila mai siffar buta ta kama kana cikin tafiya, ka gangara gefe ka kashe inji nan take. Matsin man ne ya faɗi, kuma "bari in ƙarasa gida" shi ne abin da mutane da yawa suka faɗa kafin injinsu ya buga.

Zafi

A nan zan daɗe, domin a ganina zafi ya fi komai kashe injin 'yar Kwatano, kuma akasari da hannunmu muke jawo shi.

Mota tana shigowa, abin da wasu kanikawa ke fara yi shi ne cire tamostat, su kuma haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Hujjarsu ita ce wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Tamostat ɗan bawul ne da ke tare ruwa a cikin inji har sai ya kai zafin da aka ƙera injin ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe ruwan ya zagaya lagireto. Ai motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai ma da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma ba su fi mu sanyi ba. Idan aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗau zafi ba, ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Ka ƙara kashe kuɗi a gidan mai, ringi kuma yana cinyewa a hankali. Fankar da aka haɗa kai-tsaye ita ma tana mutuwa kafin lokacinta, kuma ta ɓoye maka ainihin ciwon. Mota ba ta zafi haka kawai. Ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfi ya saki, ko fanka ba ta tashi, ko tamostat ɗin ne ya maƙale a rufe. Idan shi ne, sabo ake sawa.

Abu na biyu, ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri da farar ƙasa, irin wanda kake gani ya daskare a gindin tukunyar shayi. Haka yake daskarewa a siraran bututun lagireto. Ruwa zalla kuma yana sa tsatsa, ya cinye fukafukan famfo. Ruwan lagireto na gaskiya, kore ko ja ko ruwan hoda, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma ba ya tafasa da wuri kamar ruwa zalla. Nemi irin wanda kamfanin motarka ya ce, kada a gauraya iri biyu, a sauya shi duk shekara biyu ko uku. Ka yi hattara da na jabu, wanda ruwa ne kawai aka rina. Idan larura ta kama ka a hanya ka zuba ruwan leda, babu laifi, amma in ka isa gida a juye shi.

Murfin lagireto ƙaramin abu ne da ake rainawa. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Robarsa na tsagewa, ruwa zai riƙa guduwa kaɗan-kaɗan ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. Duk motar da kake ƙara wa ruwa kowane mako tana da inda take zubarwa, a nemo shi. Kafin bazara ta kama, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, a matsa tiyo-tiyon roba a ji ko sun yi tauri ko sun kumbura, a wanke fuskar lagireto da ta na'urar sanyaya ɗaki da ruwa marar ƙarfi, don ƙurar hunturu da ƙwari sukan toshe su iska ta kasa ratsawa.

Idan allura ta haura tsakiya ta doshi ja, kashe na'urar sanyi, ka tsaya, ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, mutane sun sha ƙonewa a fuska da hannu ta haka. Kada kuma a kwara wa inji ruwan sanyi. A jira kamar rabin awa. Kan injin motocin yanzu na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi gaskit ya ƙone. Injin 2AZ-FE na Camry 2002 zuwa 2006 ma an san shi da sakin zaren ƙusoshin kai idan ya sha zafi, gyaran da ba kowane gareji ke iyawa ba. Alamun gaskit ya tafi su ne farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan inji ya ɗau zafi, kumfa na tasowa a lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

Ƙura da fetur

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu injinka yana shaƙar abin da hancinka ke shaƙa, sai dai shi ya fi ka yawan numfashi nesa ba kusa ba. Filtar iska ce kaɗai ke tsakaninsa da wannan ƙura, wadda in ta shiga takan goge ringi da bangon silinda. A duba ta duk wata a lokacin hunturu. Kaɗe ta a hankali ba laifi, amma hura ta da iskar mai faci yana buɗe ramukan takardar, ta yi fes a ido alhali ta daina tacewa. In ta yi baƙi a sauya. A duba kuma babban tiyon da ya tashi daga filta zuwa inji, tsaga ɗaya a jikinsa ta mayar da filtar banza.

Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, da yawanmu sai fitila ta kama muke shiga gidan mai. Famfon fetur yana cikin tanki ne, fetur ɗin ke sanyaya shi, don haka yawo da busasshen tanki yana rage masa kwana. Yi ƙoƙari kada ya sauka ƙasa da kwata. Kuɗin da za ka kashe a wata duk ɗaya ne, bambancin kawai yaushe ka zuba. Man 'yan bumburutu sai dole. Ko na gidan mai ma, waɗanda suka ga abin da fetur mai yawan methanol ya yi wa motoci a Fabrairun 2022 sun san amfanin riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da aka yarda da su.

Giya da bel

Man giyar otomatik ba iri ɗaya ba ne, ko da duk ja ne a ido. Honda tana da nata, Toyota tana da T-IV a tsofaffi da WS a na baya-bayan nan, giyar CVT kuwa nata daban ne gaba ɗaya, in aka zuba mata wani an gama da ita. A sauya duk kilomita 40,000 zuwa 60,000 ta hanyar kwance ƙusar ƙasa a tsiyaye a cika. Idan man ya riga ya yi baƙi yana ƙauri, kada a yarda a wanke giyar da injin matsi. A tsiyaye, a yi 'yan makonni, a sake. Sauran kuma hali ne: ka tsaya cak kafin ka tashi daga baya zuwa gaba, ka ja birkin hannu kafin ka sa P a gangare. Sakin mota firi a gangare don tsimin mai kuwa ba ya tsimin komai a motar da ke da nozul, domin ƙwaƙwalwarta da kanta take yanke fetur idan ka ɗaga ƙafa tana cikin giya. Abin da ka samu kawai shi ne birki ya ɗauki nauyin duka.

Dole ka san ko injinka bel yake amfani da shi ko sarƙa wajen daidaita bawul da fistin. Corolla 2003 zuwa 2008 da Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007 sarƙa ce, muddin ana juye a kan lokaci ba ta cika ba da matsala ba. Peugeot 406, Accord ta 1998 zuwa 2002 da Accord mai silinda shida kuwa bel ne na roba, kuma ba ya sallama kafin ya tsinke. A waɗannan injuna, yana tsinkewa fistin zai daki bawul. Tunda ba ka san yaushe mai motar na farko ya sauya ba, sauya shi da ka saya, tare da famfon ruwa da abin ɗaure shi, sannan duk kilomita 80,000 ko shekara biyar.

Ƙasan mota da wuta ba sa buƙatar dogon bayani. Robar shaf in ta yage a sauya a makon, kafin yashi ya shiga ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Man birki yana tsotsar laima, a juye duk shekara biyu. Iskar taya a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 35, ba 50 da mai faci ke so ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako da shekarar ƙira ne, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, ka duba kafin ka sayi ta Beljiyam, wato wadda aka ciro daga wata mota. Kada ka bar mai wayarin ya cire kan batir inji na aiki don gwada caji, hakan na iya ƙona ƙwaƙwalwar mota. A sa mita, ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa in ta kama, a sa kwamfuta a karanta. Duk motar Amurka daga 1996 tana da wurin soka ta, kuma cire ƙwan fitilar ba gyara ba ne. Da damina kuma, ruwan da ya kai rabin taya a juya a nemi wata hanya. In ta mutu a cikin ruwa kada a sake murɗa makulli, a tura ta, domin ruwa ba ya matsuwa a silinda, ƙarfe ne zai lanƙwashe.

Bakanike da kayan gyara

Riƙe bakanike ɗaya wanda ya ƙware a irin motarka. Wanda zai ce "bari in duba tukuna" ya fi wanda tun daga nesa ya ce "ai na san ciwonta". Ka nemi a nuna maka tsohon kayan da aka cire, ba don zargi ba, don ka ga yadda ya lalace. Ka kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, wanda aka matse a kuɗin aiki a kuɗin kaya yake fanshewa.

A Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, kaya kashi uku ne: sabo na asali, na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabon jabu mai kyan kwali. Ƙofa, madubi, fitila, kik, har giya sukutum, na Beljiyam sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma duk abin da roba ne ko mai cinyewa, bel, tiyo, tamostat, famfon ruwa, takalmin birki, filta, sabo na asali ake nema, don na Beljiyam ya riga ya ci rabin kwanansa a wata ƙasa.

Duk yadda aka kula, wata rana inji zai fara shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Kada a yi gaggawar sauke shi. Injin da ke shan lita ɗaya tsakanin juye da juye zai iya shekaru yana aiki in ana ƙara masa. A fara duba ɗan bawul ɗin da ke fitar da tururin cikin inji da robobin bawul, sannan a auna matsin kowace silinda. Idan awo ya nuna ringi ya tafi, zaɓi biyu ne: a buɗe a sa ringi da metal a wurin wanda ke da kayan awo, ko a sayi injin Beljiyam da sharaɗin gwaji na wasu kwanaki a rubuce. In ka zaɓi na biyu, a sa masa sabon bel, sababbin sil da tamostat tun yana ƙasa, lokacin da hannu ke kaiwa ko'ina. Kuma kafin a ɗora shi a gano abin da ya kashe na farko. Idan toshewar lagireto ce, a sauya lagireton a ranar, kada a haɗa sabon inji da shi.